Mai Gyaran Agogo da Birnin Bakin Kogi

Babu ciwon da ya kai kewar gari tsanani. In dai ka cire na haƙori da na ƙoda, da wasu guda bakwai ko takwas. Na ji ka ce, Injiniya, a ƙasar da ka yi karatu za ka yi hutun bana, wai yaƙin a wani gefe yake, kuma ka buga waya an ce maka lafiya lau. To zauna ka ji na wani mai gyaran agogo.

A wani birni na bakin kogi, a wata ƙasa, ya koyi sana'arsa yana saurayi. Ya dawo gida ya shekara talatin, birnin bai fita ransa ba. In ya sha shayi sai ya ce bai kai na can ba, mai kirfa. In la'asar ta yi sanyi sai ya tuna bencin maigidansa a ƙofar shago, gindin darbejiya, da yadda hasken ruwa ke wasa a gilasan agogunan da aka rataye. Da idonsa ya fara rauni, ya ce bari ya je ya huta mako biyu, ya ga wurin tun yana iya gani. Lokacin ƙasar ta shekara tana yaƙi. Shi kuwa ba mai garaje ba ne, sai da ya yi bincike. Kullum ya je tasha ya tari masu saukowa daga motocin can, ya ce, "Ya kuka baro su?" Su ce, "Lafiya lau, suna gaishe ku." Mutum arba'in ya tambaya, amsa ɗaya. Sai dai sana'a ta saba masa da kallon wuyan hannun mutum, ba fuskarsa ba. Bai lura ba cewa masu amsawar suna sauke turmi da keken ɗinki, wani har da ƙyauren ɗaki, kayan da ba a zuwa ziyara da su. Ya kuma manta cewa ko wanda ake tofa wa Yasin, in ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka.

Motar zuwa daga shi sai direba, ya miƙe ƙafa ya ce sa'a ce. Ya tarar an sare darbejiyar an yi girki da ita, shagon a wangale, maigidan nasa ba wanda ya san inda ya nufa. Cikin kwana sha huɗun, sha ɗaya a ɓoye a ƙarƙashin matakalar wani bene ya yi su, tare da mutanen da bai sani ba. Layi uku ne tsakaninsa da kogin. Yana jin sanyinsa in iska ta juyo, amma bai gan shi ba. Ya dawo ba ko ƙwarzane, sai dai birnin nan da yake shiga duk sanda ya rufe ido, ya neme shi ya rasa. Maƙwabta suka zo sannu da zuwa, idonsu a kan dabinon tsaraba, suka ce ya ka baro su. Mutumin kirki ne mai tarbiyya, ya ba su amsar da ake bayarwa. A makon nan mutum biyu suka kama hanya a kan maganarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.