Kwalbar da Ke Gindin Kashu

Morolake ta rufe kantin maganinta da rana tsaka, ranar kasuwa kuwa, ta ratsa layin masaƙa ta shiga gidan Sidikatu, wadda har watan jiya ake kira Maman Kazimu.

Tambayoyin da ta yi a gidaje da dama su ta sake yi. Kafin yaron ya rasu, fitsari ya ɗauke masa? An ba shi maganin ruwan nan na fitar haƙori, mai jan murfi? Sidikatu ta gyaɗa kai duka biyun. Da aka zo kan kwalba sai ta juya fuska bango.

"Anti, kin fi kowa sani. An binne kayansa."

Haka muke yi a unguwarmu a Iseyin. Jariri in ya rasu, tsofaffi ke tattara rigunansa da cokalinsa da duk abin da ya taɓa bakinsa, a ɗaure a zane a binne gefensa a bayan gari, don kada ya dawo ya sake tafiya. Uwa ba ta rakiya, ba a nuna mata wurin, kuma daga ranar an daina kiranta da sunan ɗan. Mu a ganinmu tausayi ne. Amma da wannan shirun namu yara suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Morolake ce ta haɗa, don da hannunta ta sayar da maganin. Kafin ta farga, dillali ya zo da fara'arsa ya kwashe ragowar, wai takardar jikin kwalbar ce aka buga ba daidai ba. Ta kai rahoto ofishin hukumar kula da magunguna a Ibadan. Suka saurare ta da kyau, suka ce zargi ba ya hana sayar da magani, sai ta kawo kwalba mai lamba wadda yaro ya sha daga ciki, a gwada. Maganin kuwa yana nan kan tiren 'yan talla a ƙauyuka, iyaye na saya.

Ta rame. Ta ɗaure ƙirji da zane tam a ƙarƙashin riga, ga zafin nan. Sikelin auna jarirai da ke bakin kantin ta tura shi bayan kwalaye. Mata in sun zo saye ba sa iya kallon idonta, ita ma ba ta iya kallon goyonsu.

Da gidaje suka ƙare, sai ta je wurin kakar Ashake, yarinyar da ta fara rasuwa. Ta tarar da tsohuwar tana tuƙa amala, ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, ki gaya min inda aka sa kayan."

Tsohuwar ba ta saki muciya ba. "Kanki ɗaya kuwa? Ki bar yarinyar nan ta kwanta. Ke ma ki je ki kwanta, dubi yadda kika koma."

Saura mutum ɗaya, Baba Alamu, wanda shi ke haƙa wa ƙananan yara makwanci tun kafin a haifi Morolake. Ya ji ta har ƙarshe, ya ce a'a. Ya ce ta nemi wata hanya, karatunta ai ba ƙarami ba ne.

"Baba, jiya na ga wata mai tagwaye da irin kwalbar nan a jaka, a tasha. Na ƙwala mata kira, mota ta riga ta tashi. Ko sunan ƙauyensu ban sani ba."

Tsohon ya miƙe tsaye. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da fartanya.

Suka bi bayan rumfunan rini har gindin wata bishiyar kashu. Ya tsaya gefen wani ɗan tudu da ciyawa ta fara rufewa, ya haƙa a hankali daga gefe, ya zaro ƙulli. Morolake ta kwance. Ga 'yar riga, ga cokali, ga kwalbar, rabi a shanye, lambar tana karantuwa sarai. Ta goge ƙasar, ta naɗe ta a leda yadda aikinta ya koya mata, ta sa a jaka. Gobe za ta kai Ibadan, wataƙila tagwayen nan su tsira.

Amma ba ta tashi ba. Ta ɗora tafin hannu kan tudun, baƙin cikin da ta yi ta dannewa ya ci ƙarfinta, ta yi ta kuka mara sauti.

Baba Alamu ya mayar da ƙasa, ya jira har ya ga rana ta karkata. Duk tsawon aikinsa bai taɓa karya wannan al'ada ba, yau ga shi ya karya, sai ya ƙarasa ladarsa, ya kira ta da sunan da aka daina kiranta da shi.

"Tashi mu je gida, Maman Ashake."