Tankin da Aka Cika Har Wuya

Azumi tana tuyar ƙosai a bakin magudana, bayan katangar gidan esansi, wato gidan man Alhaji Manzo a Tawa. Mijinta Alƙasum ne mai tsaron tanki, shi ke zura sandar awo. Fari ne ya koro su daga Barmu, ko akuya ba su tsira da ita ba.

Motar mai ta yi wata guda ba ta zo ba. Ran da ta iso, da sanyin safiya, Alhaji ya kafe sai an juye ta kaf.

Azumi na jiyo muryar mijinta daga saman tanki: "Alhaji, mai ya kai jan layi! A rufe."

"Kai baƙauye, mi ka sani? Da sauran wuri kamu biyu."

"Wurin nan nashi ne, ranka ya daɗe. Esansi kumbura yake in rana ta yi."

"Kumbura? Ƙullun waina ne? Motocin hatsi na layi, in maida mai? Cika, ko ka koma Barmu ka ci ƙasa!"

Alƙasum ya cika tankin har wuya.

Da azahar ƙarfe ya ɗau zafi. Man ya tumbatsa ta bututun sama, ya silale ta ƙarƙashin katanga zuwa magudana. Azumi ta ji wari. Kafin ta sauke kasko, wutar murhunta ta cafke man, ta bi shi har inda ya fito. Alƙasum yana gindin tankin sa'ad da ya kama da wuta. Ba a samu abin yi wa wanka ba, a tabarma aka naɗe shi. Ita kuwa yatsunta suka narke suka manne.

Alhaji ya zo gaisuwa da tiyar gero. "Haƙuri, baiwar Allah. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta ce a cika?" in ji Azumi. "Tir! Ɗauki geronka."

A gaban jandarma kuwa sai Alhaji ya ce murhunta ne ya jawo gobarar. Aka kori mata masu tuya daga bakin magudanar, shi aka bar shi ya kafa sabon tanki. Azumi ta yi ta safa da marwa wajen kai ƙara, kullum sai a ce ta dawo gobe. Zamanin soja ne, masu shaida duk sun haɗiye harshe.

Jama'a, tankin mai ba rumbu ba ne da ake dannawa har baki. In mai awo ya ce ya isa, a rufe. Wanda haɗama ta sa ya ƙetare layi, kisa ya yi, kada ya laɓe bayan ƙaddara.