Likkafanin Kusurwar Gabas

Tun da aka zagaye garin da sabuwar ganuwa mai zuƙe zafi, tsakiyar gari ta yi sanyi, zafin kuwa ya taru a kusurwoyi huɗu, inda marasa ƙarfi suke zaune.

Ranar da zafin ya kashe matarsa Barira, Ɗantani ya shigo kasuwa sayen likkafani.

Alhaji Mati mai yadi ya gyara rigar sanyinsa, ya dubi saɓulalliyar fatar hannunsa. "Daga Kusurwar Gabas kake? Allah Ya jiƙan rai. Likkafaninku a yanke muke ajiye shi, don kun fi kowa saye."

Ɗantani ya karɓa, ya ɗan zauna bakin benci. Sanyin rumfar ya ratsa shi har ƙashi. Ya san zafin da aka kora kusurwarsu don a sami wannan sanyin ne ya ci Barira, amma daɗinsa ya hana shi tashi.

"Malam," in ji Alhaji a hankali, "gawa fa tana jiran ka."