Ƙarfi na Biyar a Garki

Aibina ɗaya ne, kuma ɗan ƙarami: ba na gaida maƙwabta. Mai sauraron sararin samaniya ina ya ga lokacin "an tashi lafiya"?

Masana fiziks sun ce ƙarfi huɗu ne ke riƙe da duniya. Ni kuwa, ma'aikacin gwamnati mai digirin da ya yi tsatsa, na kamo na biyar a wani ɗaki da ke can bayan gidana. Shekara uku ke nan da na rataye ƙwallon ƙarfe da siririyar waya cikin akwatin gilashi. Kullum ƙarfe biyar na yamma sai ya kama rawa, ba iska, ba janareto. Ban da Lahadi. Shafi arba'in na rubuta kan dalilin da ya sa sararin samaniya ke hutun mako. Wata jami'a ta sa mini Litinin in gabatar, har babbar riga na ɗinka.

Ranar Laraba ƙwallon ya tsaya cak. Alhamis shiru, Juma'a shiru.

Na fito na dafe kai.

"Baban Kausar, lafiya?" in ji matata.

"Ƙarfin ya ɓace."

"Allah Ya mayar da alheri. Kai da ko sallama ba ka fito kun yi da Maman Glory ba. Shekara uku katanga ɗaya, tana aiko mana sakwara, kana ci kana santi."

"Ina ta tafi?"

"Ta koma garin Masaka, tun Laraba da safe. Ita da turminta."

Ranar Lahadi ba ta daka. A coci take yini.