Ƙarar Injin Tanimu

Tun da doka ta ce na'ura ce za ta riƙa fassara wa kotu saƙonnin waya, mutanen fadama suka koyi tauna magana. Ko fitila ba a kashewa yanzu, sai dai a kwantar da ita.

Hansatu ta kasa zama a bencin kotu, sai tashi take tana gyara mayafi. Mijinta Tanimu, manomin albasa, ya tura wa ƙanensa saƙo cewa, "Ya dame mu da ƙara, ka kashe shi kafin la'asar." Injin ban-ruwa yake nufi. Sai ga shi da yammar an tsinci gawar maƙwabcinsu a rafi, mutumin da ya kai su ƙara kan iyakar gona. Aka kama Tanimu.

"Baiwar Allah, na'ura ta ce ƙarar shari'a ce," in ji lauya.

"To, ita ta taɓa jin injin nan?" in ji Hansatu. Ta juya ga alƙali, "Ranka ya daɗe, a bari in kawo shi."

Alƙali ya yarda. Ta turo shi a baro har ƙofar kotu, ta ja igiya. Injin ya ɗauki ruri, tagogi na rawa. Alƙali ya toshe kunnuwa ya daka tsawa, "Kai, ku kashe shi!"

Nan take fitilar na'ura ta koma ja, na'urar ta ce, "An ji umarnin kisa."

Alƙali ya share gumi, ya ba da belin Tanimu. Injin kuwa, ba wanda ya yarda ya taɓa shi, har mansa ya ƙare.