Ƙarfen Bakin Fiffike

Ina reto a jikin igiya, a bakin fiffiken injin iskar da ke ba gari wuta, sai wayata ta hau ruri. Hadari na ta haɗowa.

"Yaya, Baba ya fara," in ji ƙanwata. "Har ya fasa faranti."

"Ku shige ɗaki. Ina Inna?"

"Ta je ta tsaya gabansa. Ka san halinta."

Abokin aikina ya yi magana ta oba-oba daga ƙasa: "Malam, sauko! Ko so kake ka gasu?"

Na ƙarasa kwance ɗan ƙarfen da muke dasawa a bakin fiffiken. Ba korar aradu yake yi ba. Kiranta yake, ya shanye, ya bi da ita ta waya har ƙasa. Ya faɗo tafina baƙi ƙirin, duk ya rarake. Fiffiken kuwa fari tas, ko ƙwarzane babu.

Mu ma 'ya'yan Inna haka muka tashi a gida, ko ƙwarzane babu.

Shi wannan ƙarfen, duk damina sai na hau na duba shi. Inna kuwa ban taɓa tambayarta inda ke mata ciwo ba.