Tamfol ɗin Gunvor

Wayar sitiyari ta tsinke, iska kuma tana tura jirgin ruwanmu kan duwatsu.

Na murza dama, na murza hagu, sitiyarin yana juyawa a banza. Matata Gunvor ta riƙe igiya tana ihu.

"Torleif, ga sitiyarin 'yan gayun naka! Da sandar tuƙin Baba ce, da yanzu mun juya!"

"Rufe mini baki! Wannan sandar tun bara na ce ki jefar!"

Filaya da waya suna cikin ramin kaya. Murfin ramin kuwa yana lulluɓe da tamfol ɗin da Gunvor ta ɗinka masa don ruwa, abu mai nauyin tsiya, ƙulli har takwas. Yatsuna sun ƙage da sanyi. Na zaro wuƙa na yanke igiyoyin, na ɗaga tamfol ɗin da hannu biyu na wurga teku.

Gunvor ta daina ihu.

"Me ka jefar?"

"Tsummanki! Riƙe mini murfin!"

"Sandar tana ciki," ta ce a hankali. "Ban jefar ba. A bakin tamfol ɗin na ɗinke ta, don kada ka gani."

Muna kallo ya nutse.

Kafin in ɗaura wayar, jirgin ya daki duwatsu. Mu dai, masunta ne suka tsamo mu. Jirgin, wanda babanta ya sassaƙa da hannunsa, yana can ƙarƙashin teku. Shekara uku ke nan Gunvor tana dafa mini kofi kowace safiya, amma ba ta ƙara kiran sunana ba.